Zaure a Ƙasar Ƙanƙara

Hadiyya ta faɗo ofishina babu sallama, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara biyun da ta yi tana ɗalibata. Ta dire kwamfutarta a gabana, tana haki kamar wadda ta hau bene bakwai da gudu, kuma haka ɗin ne, don lif ɗin sashenmu ya fi ni son hutu.

Ta ce, "Malam, suna da zaure!"

Na ce, "Su wa?"

"Mutanen Taimir!"

Taimir wani zirin ƙasa ne a can ƙarshen arewacin Siberiya, ya kutsa kai cikin tekun ƙanƙara, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Faɗinsa ya doshi rabin Nijeriya, amma mutanen cikinsa ba za su cika unguwa guda ta Kano ba. Ƙasar daskararriya ce har can ƙarƙashi, samanta kawai ke narkewa da bazara. Akwai lokacin da rana ke ɓacewa makonni, akwai lokacin da take ƙin faɗuwa. Ƙauyukan 'yan kaɗan ne, a bakin koguna, kuma yawancinsu babu titin da ya je su: ko jirgi mai saukar ungulu, ko jirgin ruwa idan kogi ya sake, ko a bi ta kan kogin kansa idan ya daskare.

Sashenmu na nazarin ƙasa, a jami'ar da ke Lembah Pantai a birnin Kuala Lumpur, ya ƙulla zumunci da wata cibiyar bincike ta can. Za a kai ɗalibi ɗaya ya yi wata biyu a wani ƙauye. Ɗaya tak. Mutum huɗu suka nema, kowa zai tsaya gaban kwamiti minti ashirin ya nuna abin da ya gano daga nesa. Ukun suna nazarin ƙanƙara da gansakuka. Hadiyya kaɗai ke nazarin mutane, yadda suke zama da inda suke kafa gida. Yarinyar Katsina ce, ba ta taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta firji ba, amma ta ƙwallafa rai a kan kujerar nan har ta rame. Sunan ƙauyen ya gagari harshenmu, sai muka raɗa masa Tungar Ƙanƙara.

Na sa tabarau na duba. Hoton tauraron ɗan'adam ne, an ɗauka daga sama: rufin gidaje sittin da wani abu, farin fili, baƙin kogi. Tsakanin gidajen kuma ga wasu dogayen layuka, sun bi ta bayan wannan, sun kewaye wancan, sun haɗa uku nan, huɗu can.

Hadiyya ta ce, "Katanga ce, Malam. Kuma duba nan."

Ta ƙara girman hoton. A jikin layin, ga wani wuri da ya fita waje, ya yi kusurwa huɗu kamar ƙaramin ɗaki, ya dawo ya ci gaba. Gaba kaɗan ga wani. Ga wani.

Sai da na zauna, ko da yake a zaune nake.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce na rubuta kundin digirina na uku a kan ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, da hotunan da jirgin sama ya ɗauka. Abin da na ce a shafi ɗari huɗu bai fi jimla uku ba. Kada ka ƙirga rufi, rufi maƙaryaci ne. Bi katanga har ka iske zaure. Kowane zaure maigida ɗaya ne, tukunya ɗaya. Tun daga lokacin sau shida aka ambaci aikin nan a duniya, biyu daga ciki ni ne. Matata Hajjo, Allah ya ji ƙanta, ita ta buga shi da tafireta, kuma ita kaɗai na sani ta karanta shi har ƙarshe. Ta ce yana da amfani ga mai fama da rashin barci.

Yanzu ga hanyata tana aiki a ƙarshen duniya, a ƙasar da ko gero ba ya tsira.

Mako uku muka yi kamar mahaukata. Na daina zuwa shan shayin malamai, wanda dama ba na rasa komai a cikinsa sai labarin ƙarin girman wasu. Muka buga hoton a babbar takarda, muka shimfiɗa a ƙasa, muna rarrafe a kai da jan biro. Zaure goma sha tara muka samu. Duk katangun kuma, idan ka bi su, suna komawa ne ga wani babban gini a tsakiyar gari, mai dogon bututun hayaƙi. Na ce gidan mai gari ne. Hadiyya ta ce to hayaƙin fa, kullum yana tashi? Na ce babban mutum, wutar gidansa ba ta mutuwa. Ta rubuta.

Hoto ɗaya kacal muka samu wanda aka ɗauka daga ƙasa. Ya nuna wani dogon abu na katako, tsayinsa iya ƙugu, rabinsa a binne cikin dusar ƙanƙara, da wani kare kwance a kai. Na ce ga dangarmu, su da katako suke yi. Hadiyya ta lura cewa zaurukan duk girmansu ɗaya. Na ce gwamnatinsu ce ta tsara, ai an san su da wannan. Duk tambayar da ta zo da ita ina da amsa. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, kuma amfaninsu kenan: ba ka rasa abin toshe rami.

Ranar Talata za ta tsaya gaban kwamiti, ƙarfe uku. Da sha biyu da rabi na ja ta shagon mamak, irin gidan abincin nan na bakin titi, da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta LRT, don tun jiya ba ta ci komai ba. Can muka tarar da Nahum.

Nahum mutumin Mangu ne, maƙwabcina a bene ɗaya a Pantai Dalam. Injiniya ne, shi ke kula da na'urorin sanyi da na ruwan zafi a wani otal a Bukit Bintang. Talata ce ranar hutunsa, kuma yana kashe ta ne a kan roti, gurasar garin nan, da shayi mai kumfa da tsokanar duk wanda ya zauna kusa.

Ya ce, "A'a, Baba Dokta da guga a riga? Wa ya mutu?"

Na ce, "Jahilci."

"Allah ya ji ƙansa. Ƙanwata, zauna ki makan, ki ci wani abu, fuskarki kamar wadda aka hana biza."

Hadiyya ta kasa haƙuri. Kafin abinci ya zo ta buɗe kwamfuta ta juya masa, tana zayyana masa gidajen da jan biro ya kewaye. Nahum ya matso da kujera, ya goge maiƙon hannunsa a wando, ya ƙura ido. Fuskarsa ta cika da sha'awa, na ji daɗi har na fara tunanin gafarta masa kiɗan da yake kunnawa ranar Lahadi.

Ya ce, "Kai, aiki ya yi kyau. Wane kamfani ya ja musu layin?"

Hadiyya ta ce, "Wane layi, Yaya Nahum?"

"Fayif ɗin mana."

Na ce, "Katanga ce."

Ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake duba na. Ya ce, "Baba Dokta, da girmanka. Wannan bututun ruwan zafi ne. Ga tukunyar da ke dafa ruwan nan a tsakiya, mai hayaƙin."

"Gidan mai gari ne."

"To mai garin nan gawayi yake ci."

Ya zare tsinken shan lemo daga kofin Hadiyya, ya miƙe shi a tebur. Ya ce ƙarfe idan ya ɗauki ruwan zafi ƙara tsawo yake yi, idan ya huce ya koma. In ka ja shi miƙe sambal, rana ɗaya zai tsage a mahaɗa. Don haka duk bayan 'yan taku sai a lanƙwasa shi waje, a yi kwana huɗu, a dawo da shi hanya, ya samu wurin miƙa. Ya lanƙwasa tsinken sau huɗu ya ajiye kusa da hoton.

Zaurena ne sak, a kan teburin mamak, yana ɗigar lemo.

Ya ce, "Muna da irinsa a ƙarƙashin otal. Ku duba tazarar da ke tsakaninsu, duk ɗaya ce. Wane magidanci ne zai auna zaurensa da na maƙwabci taku da taku, har mutum goma sha tara? A Funtuwa?"

Hadiyya ta buɗe hoton katakon. Nahum ya kwashe da dariya har mai shago ya leƙo. Ya ce, "Akwatin da aka rufe bututun ne kada ya huce. Karen nan ya fi ku digiri. Ya san inda ɗumi yake."

Na tambaye shi, da sauran muryar da ta rage mini, me ya hana su binne shi a ƙasa kamar mutanen kirki. Kafin ya buɗe baki na ba kaina amsa. Zafin zai narkar da daskararriyar ƙasar, gidaje su nutse. Ni nake koyar da wannan, kowace shekara, a mako na biyu.

Ƙarfe ɗaya saura kwata.

Abin da na yi bayan nan ba abin alfahari ba ne. Na ce wa Hadiyya ta buga waya ta ce zazzaɓi ya rufe ta. Ta ce baƙon da ya zo daga cibiyar can yau da yamma jirginsa zai tashi, kuma yau za a yanke. Na ce to ta gabatar a haka, 'yan kwamitin ba su san zaure ba, ba su san bututu ba, za su gyaɗa kai kamar yadda suka saba. Ta ce baƙon nan, bazara goma sha ɗaya ya yi a Taimir, wataƙila ya taɓa shanya safarsa a kan katangarmu. Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta ma dube ni ba. Ta zuba wa hoton ido, hawaye na taruwa, roti na sanyi a gabanta.

Nahum ya daina dariya. Ya ce, "Ƙanwata, yi haƙuri. Da na sani da na yi shiru."

Ta ce, "Yaya Nahum, tsaya. Idan ruwan zafi na gudu a ciki, ƙanƙarar da ke gefensa za ta narke?"

"Komai rufin da aka yi masa, sai zafi ya tsere kaɗan."

"Idan kuma an rufe layin, babu ruwa?"

"Sanyi ƙalau. Ƙarfe ne kawai a kwance."

Ta fizgo kwamfutar. Hoton da muka yi mako uku a kansa na watan Mayu ne, lokacin da dusar ta fara saki. Ta ƙara girmansa har ya dushe. Sai ga shi, abin da yake gabanmu tun ranar farko: wasu layukan suna da baƙin gefe, ƙasa ta fito tsirara dama da hagu. Wasu kuma fari fat, dusa ta hau su ta kwanta.

Ta ce, "Malam! Waɗannan a mace suke. Babu wanda zai zauna a gidan da aka yanke wa zafi a ƙasar nan. Gidajen da ke kan farin layi babu kowa a ciki!"

Na ce, "Akwai hotunan wasu shekarun?"

"Akwai na shekara biyar baya, da na shekara goma. Duk na bazara."

"To me kike jira? Buɗe!"

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Nahum ya ture kwanuka gefe, ya karɓo biro daga mai shago, ya juya takardar jerin abinci. Hadiyya na bin layi tana kira, ni ina ƙirga gidajen da ke jikinsa, Nahum na rubutawa yana gardama a kan waɗanda reshensu bai fito sosai ba. Shekara goma baya, gida hamsin da takwas ke shan zafi. Shekara biyar baya, arba'in da tara. Bana, arba'in da ɗaya. Kuma ba a warwatse suke mutuwa ba. Daga bakin gari abin ke farawa, daga layin da ya fi nisa da tukunya, yana matsowa ciki. Ƙauyen yana tattare jikinsa yana matsawa kusa da wuta, kamar tsoho. Rufin kuwa duk suna nan, sittin da uku, ko ɗaya bai faɗi ba. Wanda ya ƙirga rufi zai rantse garin bai rasa kowa ba.

Nahum ya buga tebur ya ce, "Yesu! Ashe daga sama ana ganin wanda ya tashi!"

Hadiyya tana dariya tana share ido da gefen mayafi, yatsunta na gudu a kan kwamfuta. Shafi ashirin da biyu ta shirya a mako uku. Ta zubar da goma sha tara cikin minti ɗaya. Ƙarfe biyu da kwata sama ta yi baƙi, ruwan Kuala Lumpur ya sauko irin wanda ba ya gaisuwa. Nahum ya ce a yi mana tapau na rotin, wato a ƙunshe mana mu tafi da shi, ya tare mana mota, ya cusa mu ciki da takardar jerin abincin a hannuna, mai shago na kiran a dawo masa da ita.

A cikin motar ta ce, "Malam, da kuskuren zan fara. In ban faɗa ba, ba za su gane yadda na kai ga layukan ba. Amma shafin farko akwai sunanka da na kundinka. Zan cire. Sai in ce ni na zaci haka."

Na dubi ruwan da ke bin gilashi. Shekara talatin da ɗaya ina jiran a ambaci aikin nan a gaban baƙon waje, ga ranar ta zo, kuma a matsayin abin dariya.

Na ce, "Cire."

Ta cire.

Ɗakin kwamitin sanyi kamar an ajiye gawa. Mutum biyar a tebur, shugabarsu wata farfesa 'yar ƙasar, mai tabarau a kan hanci. A gefenta baƙon, wani dattijo ja, mai gemu kamar tsintsiya, yana zufa duk da na'urar sanyin. Na zauna a baya, takalmina na tsiyayar ruwa. Ɗalibai ukun sun riga sun gama, da jadawalai masu launi.

Hadiyya ta haska hoton da jan bironmu a kai. Ta yi musu bayanin gidan Bahaushe: katanga, da ɗakin shiga inda maigida ke karɓar baƙi. Ta ce mako uku ta yi tana ƙirga irin waɗannan ɗakuna a ƙauyen nan, ta samu goma sha tara, har da gidan mai gari. Baƙon ya sunkuyo, ya gane abin da yake kallo, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙari, na ba shi wannan. Daga baya ya kifa kai a tebur ya saki dariya har da tari. Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta rubuta wani abu, ta ce, a sanyaye, ɗalibar da ta yi mako uku ba ta bambance bututu da katanga ba, anya ita za a tura wurin da kuskure ke kashe mutum?



Na ji ƙafafuna sun miƙe da ni. Na ce hanyar tawa ce, ni na koya mata, ni na ce katanga ce, ni na naɗa tukunyar ruwa mai gari. Na ce sau uku ta kawo mini shakka, sau uku na rufe mata baki da karatu. Na faɗi sunan kundin da shekararsa, don kowa ya san inda zai kai ƙara. Wani matashin malami da ya daɗe yana hangen ofishina ya yi murmushi ya rubuta. Na zauna.

Farfesa ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wa Hadiyya ta ci gaba, saura mata minti goma sha ɗaya.

Ta nuna baƙin layi da fari. Ta jera shekaru ukun gefe da gefe. Hamsin da takwas, arba'in da tara, arba'in da ɗaya. Dariyar baƙon ta tsaya. Ya tashi ya je jikin allon, ya ɗora yatsa a kan layin gabas, ya bi shi har ƙarshe, ya faɗi wani suna, na wata tsohuwa da ya ce ta koma birni wurin 'yarta. Ya taɓa wani gidan ya faɗi wani sunan. Sannan ya juyo ya ce lissafinta da gyara. Biyu daga gidajen da ta kashe ɗakunan ajiya ne, ba a taɓa kwana a ciki ba. Akwai kuma masu murhun kansu da ba su damu da bututu ba. Makiyayan da ke yawo da garkensu a fili kuwa, masu kwana a ɗakunan da ake ja a kan ƙanƙara, babu layin da zai nuna mata su.

Hadiyya ta ce, "Shi ya sa nake so in je in ƙwanƙwasa ƙofa."

Aka fitar da mu baranda. Minti arba'in muka yi. Ɗalibai ukun na gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Hadiyya ta jingina da bango, ta buɗe ƙunshin rotin, ta cinye nata da nawa a tsaye ba ta sani ba. Nahum ya bugo sau huɗu, ban ɗauka ba.

Ƙofa ta buɗe. Farfesa ta fito da takarda a hannu, baƙon na bayanta da jakarsa a kafaɗa yana duba agogo. Ta wuce ɗalibai ukun, ta tsaya gaban Hadiyya, ta ce akwai fom ɗin kayan sanyi da za a cike yanzu kafin mutumin ya tafi filin jirgi.

Ta ce, "Takalmi lamba nawa kike sawa?"

Hadiyya ta haɗiye lomar da ke bakinta da ƙyar. Ta ce, "Talatin da takwas."

Baƙon ya leƙo ta kafaɗar Farfesa ya ce, "Rubuta arba'in da ɗaya. Safa uku za ta sa."